Tsatsa, farin ɓawo da yauƙi: me ke ɓata famfo da tayil a gidajenmu?

Idan baƙo ya shiga banɗakin gida ya tarar jan zane ya gangaro daga bakin famfo har zuwa magudana, hukuncinsa ɗaya ne: matar gidan nan ƙazama ce. Ita kuma sai ta huce a kan 'yar aiki ko 'ya'yanta mata. A sayo omo, a ƙara da bilic, a kawo soson ƙarfe a yi ta dirza har hannu ya saɓule, amma kafin mako biyu zanen ya dawo inda yake, wani lokacin ma ya fi na da duhu. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan tabon da ke fitowa a kan famfo, da sinki, da masai na zamani, da tayil, ba dauɗar jikin mutum ba ce, ba kuma ragwancin mai wanki ba ne. Abin da ruwan gidan ya ɗebo a hanyarsa ne yake ajiyewa, ko kuma abin da ya cinye daga jikin bututun da ya bi.

Ruwan da ke zuba daga famfo ba shi kaɗai yake tafe ba. Kafin ya iso ya ratsa ƙasa da duwatsu, ya bi bututu, ya kwana a tanki, kuma ko'ina ya wuce sai ya narkar da ɗan wani abu ya tafi da shi. Ido ba ya ganin abin da ya narke. Sai ruwan ya sha iska, ko ya ɗauki zafi, ko ya bushe, sannan abin ya bayyana. Shi ya sa mai gyaran famfo da ya san aikinsa ba ya fara tambayar da me ake wanke wurin. Launin tabon yake dubawa, ya tambaya ko a duk famfunan gidan yake fitowa ko a guda ɗaya, ya kuma tambaya ko ruwan da launinsa yake fitowa ko sai ya jima a bokiti.

Wanda ya fi damun mutane a ƙasashenmu shi ne ja mai kama da tsatsa, wani lokaci ruwan goro, wani lokaci ruwan ƙasa. Wannan ƙarfe ne, ƙarfe na gaske, irin na fartanya. Ƙasarmu tana da shi da yawa. Jan da ake gani a marmara da jan gargari nasa ne. Can ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kaiwa, ƙarfen yakan narke cikin ruwa ba tare da ya ba shi wani launi ba. Shi ya sa ranar da aka gama haƙa rijiyar burtsatse, mai gida zai ɗebi ruwa a kofi ya ɗaga sama ya ga garai-garai, ya yi hamdala ya sallami masu aiki. Amma da zarar ruwan ya haɗu da iskar oksijin, narkakken ƙarfen sai ya koma tsatsa, ya zama ƙananan ƙwayoyi da ba sa narkewa. Su ne ke kwanciya a gindin bokiti, su manne inda famfo ke ɗiga, su yi zobe a cikin masai daidai inda ruwa ke tsayawa, su mayar da farar shadda ruwan ƙasa.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar adadin da ke yin wannan ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da zarar ƙarfe ya haura miligiram 0.3 a cikin lita ɗaya, zai fara ɓata tufafi da kayan banɗaki, kuma wannan adadin ne ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ɗauka a matsayin iyaka. Tankin lita 1,000 ke nan da bai ɗauki ko sulusin giram ɗaya ba. Ba don cuta aka sa iyakar ba, domin ƙarfe a irin wannan adadi ba ya cutar da mai lafiya. Don ɗanɗano da tabo ne. Masu shayi sun san shi tun kafin a gaya musu: ruwan da ke da ƙarfe yana mayar da shayi baƙi ƙirin, saboda sinadarin da ke ba ganyen shayi ɗacinsa yana haɗuwa da ƙarfen ya yi duhu.

Sai dai ba kullum daga ƙasa ƙarfen yake fitowa ba, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Tsofaffin gidaje, da ma sababbi da yawa, da bututun ƙarfe mai rufin tutiya aka ja musu ruwa. Rufin nan siriri ne. Idan ya cinye, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa sai ya fara tsatsa daga ciki, inda ba mai gani, bututun yana ƙara tsukewa, ruwa yana raguwa. Bambance wannan da ƙarfen ƙasa ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A buɗe famfo da sassafe, bayan ruwa ya kwana a bututu. Idan ya fara zuba jajaye-jajaye sannan ya washe bayan minti ɗaya ko biyu, laifin na bututu ne. Idan famfo guda ne kawai ke yi, to a layinsa matsalar take. Idan ɓangaren ruwan zafi ne kaɗai, cikin hita ya fara ci. Idan kuwa ruwan ya fito tas, aka tara a farin bokiti aka bari ya kwana, da safe aka tarar ya yi ja ya kwantar da laka, to daga ƙasa ya zo da shi, kuma ko an canja bututun gidan gaba ɗaya ba abin da zai sauya.

An daɗe da koyon wannan darasi a ƙauyuka, da tsada. Famfon tuƙa-tuƙa da aka fi sani, India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya cikin shekarun 1970 ya kuma bazu a Afirka, da bututun ƙarfe mai rufin tutiya ake zura shi cikin rijiya. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da ɗan tsami, kuma irin wannan ruwa yana cinye bututun cikin ɗan lokaci. Sai mata su ga ruwan safe ya fito ja, ya ɓata musu wanki da tuwo, su ƙaurace wa famfon su koma tafki ko buɗaɗɗiyar rijiya, inda ruwan ya fi daɗin gani amma a nan ne kwalara take. Rijiyar ba ta da laifi, abin da aka zura mata ne ya ruɓe. Masana aikin ruwa sun daɗe suna cewa kada a sa irin wannan bututu inda ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya gaza 6.5 (ƙaramar lamba na nufin tsami ya fi yawa), kuma wannan na cikin dalilan da suka sa famfo irin Afridev ya zo da bututun roba. Har yau ana saka wa al'umma bututun ƙarfe ba tare da an auna ruwan ba, alhali aunawar ba ta ɗaukar minti biyar.

Akwai kuma wani jan da ba kamar laka yake ba. Yauƙi gare shi, kamar majina, ana samunsa idan aka ɗaga murfin ƙaramin tankin da ke bayan masai, wani lokaci da ɗan wari irin na fadama. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne, irin su Gallionella da Leptothrix, da suke rayuwa a kan narkakken ƙarfe. Ba a san su da kawo cuta ba, amma suna toshe bututu, su shaƙe injin da ke cikin rijiya. Sukan yi wani ƙyalli a saman ruwa har mutum ya ɗauka man fetur ne ya zuba. A taɓa shi da tsinke: idan ya tsattsage ya rabu gutsi-gutsi, nasu ne, mai kuwa komawa yake ya haɗe.

Wanda ya gane cewa jan nan tsatsa ne zai gane dalilin da ya sa bilic ke ƙara lalata shi. Aikin kulorin da ke cikin bilic a kan ƙarfe irin aikin iska ne, sai dai ya fi sauri. Duk narkakken ƙarfen da ya tarar, nan take yake mayar da shi tsatsa ya kafe shi a wurin. Mai wanki da ta zuba bilic a ruwa mai ƙarfe don farin kaya ya ƙara haske, da hannunta take rina shi. Abin da ke narkar da tsatsa abu ne mai tsami: ruwan lemun tsami, ruwan khal, ko magungunan cire tsatsa da ake sayarwa. A shafa, a bar shi ya jiƙa, sannan a goge da soso mai laushi.

Ƙarfe yana da ɗan rakiya da ake kira manganis. Sau da yawa tare suke fitowa daga ƙasa, amma tabon manganis baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu sosai, kuma ya fi taurin kai. Ba ya saurin rabuwa da ruwa don ya sha iska kawai, sai ya bi bututu a hankali yana yi masa baƙin rufi, ranar da ruwa ya zo da ƙarfi ya ɓamɓaro shi a ga baƙin gari-gari a sinki. Adadin da ke tabo ya fi na ƙarfe ƙanƙanta. A Amurka miligiram 0.05 a lita aka sa don kauce wa tabo. Shekaru da dama ana ɗaukarsa a matsayin abin da ke ɓata ado kawai. Yanzu magana ta canja, domin bincike ya nuna yawansa na iya taɓa ƙwaƙwalwar jarirai da ƙananan yara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da iyakarta daga 0.4 zuwa 0.08 a ƙa'idojinta na 2022. Saboda haka gidan da ke ganin baƙin tabo daga ruwan burtsatse, kuma da ruwan ake dama wa jariri madara, a ganina bai kamata a tsaya a kan neman abin gogewa ba.

Farin ɓawo labarinsa ya fi sauƙi. Shi ne ke toshe ramukan shawa har ruwa ya riƙa fita a karkace, ya yi wa bakin famfo gemu, ya lulluɓe gindin butar shayi. Kalsiyam ne da magniziyam, daga duwatsun farar ƙasa. Ruwan sama yana ɗaukar iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, ya ɗan yi tsami, ya narkar da dutsen a hankali. Idan aka tafasa ruwan, iskar ta fita, sai dutsen ya sake daskarewa. Shi ya sa ɓawon ya fi yawa a inda ake zafi, a hita da buta da tukunya, kuma hitar da ta yi ɓawo takan ƙone daga bisani. A lokacin bazara, da ɗigon ruwa ke bushewa kafin a juya baya, kowane ɗigo yana barin farin zobensa a kan ƙarfe mai ƙyalli. Wajajen Sakkwato, inda dutsen Kalambaina yake har ya ciyar da masana'antar siminti, ba abin mamaki ba ne rijiyar da ta ratsa wannan dutse ta ba da irin wannan ruwa. Alamarsa ta farko ita ce sabulu ya ƙi kumfa, ya bar wani dusa-dusa ruwan toka a jikin baho. Ɓawo yakan fara damun mutane idan adadin waɗannan ma'adinai ya kai wajen miligiram 200 a lita. Ba ya cutarwa a sha. Khal ko lemun tsami na narkar da shi. A kwance kan shawar a jiƙa shi ya kwana.

Akasin wannan ruwa shi ne wanda ba shi da ma'adinai sosai kuma yana da ɗan tsami. Mutane suna yabonsa, ga daɗin sha ga kumfa, amma shi ne mai cin ƙarfe. Idan ya bi ta bututun jan ƙarfe ko cikin famfon tagulla, yakan bar zane shuɗi-shuɗi ko kore-kore a inda yake ɗiga, launin da ake gani a tsohuwar tasar tagulla da aka manta a danshi. Tabon yakan fara idan jan ƙarfe ya haura miligiram 1 a lita, iyakar lafiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma 2 ce, tazarar ba ta da yawa. A gidajenmu bututun jan ƙarfe ba su yawaita ba sai a wajen hita da manyan gine-gine, don haka koren tabo galibi daga jikin famfon kansa yake, ko daga mahaɗa. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a ɗaura jan ƙarfe kai tsaye a jikin bututun ƙarfe mai tutiya. Ƙarafa biyu mabambanta da suka haɗu cikin ruwa suna haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki tsakaninsu, ɗaya ya riƙa cinyewa, kuma a mahaɗar yoyo zai fara. Ita ma tagulla gamin jan ƙarfe ce da tutiya, kuma akwai ruwan da ke zare tutiyar ya bar jan ƙarfen kamar soso. Daga waje sai a ga farin gari ya tsatso, wurin ya yi ja-ja, wata rana a murɗa famfon ya karye a hannu.

Koren tabo ya fi ba ni tsoro a kan ja, ba don jan ƙarfen kansa ba. Shaida ce cewa ruwan yana cin abin da ya bi, kuma ruwan da ya ci jan ƙarfe zai ci dalma idan ya same ta. Ana zuba dalma a cikin tagulla don ta yi sauƙin sassaƙa a inji, ana kuma liƙa tsofaffin bututu da ita. A Amurka har zuwa farkon 2014 doka ta yarda a kira famfo marar dalma ko da yana da kashi 8 cikin ɗari, sannan aka sauko da shi zuwa 0.25. Famfon da ake zubawa a kasuwanninmu ba tare da sunan kamfani ko lamba ba, wa ya auna abin da ke cikinsa? Ita kuwa dalma guba ce, amma ba ta da launi a ruwa, ba wari, ba ɗanɗano, ba ta barin tabo ko ɗaya.

Abin da ya faru a garin Flint na jihar Michigan a Amurka ya nuna yadda abubuwan biyu ke tafiya tare. A watan Afrilun 2014 hukumomi suka daina sayen ruwan birnin Detroit suka koma ɗiban kogin Flint don rage kashe kuɗi, ba su kuma zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ba a jima ba mutane suka fara kai kwalaben ruwa ruwan ƙasa wajen taro, ana ce musu ruwan lafiyarsa ƙalau. A watan Oktoban shekarar kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa ta injin mota, saboda yana sa wa kayansa tsatsa. Mutane kuwa suka ci gaba da sha. Sai a Satumban 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da alƙaluman da suka nuna dalma ta ƙaru a jinin yaran garin, aka koma ruwan Detroit a watan da ya biyo. Launin da mutane suka gani na ƙarfe ne, wanda ba shi ne gubar ba. Amma ruwan da ya kankare tsatsar tsofaffin bututu shi ne dai ya kankare dalmar.

Haka zancen yake da wani sinadari da ake kira fuloraid, wanda ba ya taɓa sinki amma yana rina haƙoran yara, idan ya yi yawa har ya lanƙwasa ƙashi. Mutanen Tibiri a jihar Maraɗi sun ga wannan a jikin 'ya'yansu daga ruwan burtsatse mai kyan gani, kuma ana samun rinannun haƙora irin haka a wajajen Kaltungo da Langtang. Banɗaki fari tas ba shaidar lafiyar ruwa ba ne.

Akwai tabon da ba daga ruwa yake ba sam. Wannan yauƙi ruwan hoda da ke fitowa a kusurwar wurin wanka, a kan mazubin sabulu, a tsakanin tayil, ko a zoben masan da ba a cika amfani da shi ba, ƙwayar bakteriya ce mai suna Serratia marcescens. Tana cikin ƙasa da ƙura, iska ke kawo ta, ta sauka inda ke da danshi ta ci ragowar sabulu da maiƙon jiki, ita ke yin launin da kanta. Tana da tarihi mai ban dariya: a 1819, a wani ƙauye kusa da Padua a Italiya, tuwon masarar mutane ya riƙa wayar gari da jajayen ɗigo, aka firgita ana cewa jini ne, sai wani matashi mai haɗa magunguna, Bartolomeo Bizio, ya nuna cewa wata halitta ce ke tsirowa a kai. Ta fi samun sakewa inda ruwa ba shi da kulorin, kuma ruwan burtsatse da na 'yan garuwa galibi ba shi da shi. Ga mai lafiya ba abin tashin hankali ba ce, amma tana iya kama mai rauni a jiki, ko mai ciwo a buɗe, ko ido. A nan ne bilic yake da amfani, shi da baƙar funfunar da ke bin layin siminti tsakanin tayil. Sai dai za su dawo muddin wurin ba ya bushewa. Banɗakin da aka gina ba taga, aka kuma shimfiɗa tayil ba gangare ruwa na kwanciya, magininsa ya riga ya gayyato su.

Sauran ƙananan dalilai ba sa buƙatar dogon bayani. Ruwan ɗorawa mai tauri a ƙarƙashin leɓen masai gishirin fitsari ne da ya haɗu da ma'adinan ruwa, ya fi yawa inda ake tsimin ruwan kora. Baƙin da ke shafar yatsa idan an taɓa robar cikin famfo robar ce ta tsufa take narkewa. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai tare da tagulla ko azurfa ta yi baƙi, iskar farar wuta ce a ruwan. Tankin da haske ke ratsawa yana tsirar da gansakuka, wanda murfinsa ya ɓace kuma yana tara ƙurar hunturu ta koma laka. Su kuma masu ruwan gwamnati, a garuruwan da ruwa ke zuwa yau ya ɗauke kwana uku, bututun titi yana bushewa ya sha iska ya yi tsatsa, idan aka sako ruwa sai ya kwaso komai ya kawo. A bar ruwan farko ya zube kafin a juya shi tanki.

Wani babban kaso na famfunan da suka dushe kuwa, mu muka kashe su da wanki. Ƙyallin da ke jikin famfo rufin wani ƙarfe ne mai suna kurom a kan wani mai suna nikel, kuma kaurin kurom ɗin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba. Soson ƙarfe, da toka, da yashi suna kankare shi. Masu aikin tayil da yawa suna wanke siminti da asid idan sun gama, kuma ko bai taɓa famfon ba tururinsa kaɗai ya isa. Mai gida zai tare ya tarar sababbin famfuna sun yi ƙuraje, ya ce an sayar masa da jabu. Maganin wanke masai mai ƙarfi, wanda ke ɗauke da irin wannan asid, don farin tangaran aka yi shi, ba don ƙarfe ba. Shi ma tangaran, santsin da ke samansa gilashi ne. In aka karce shi da yashi sai ya yi kaushi, kowane tabo ya sami wurin kamawa, wanki ya ƙara wuya. Sinkin kicin da ake cewa ba ya tsatsa yana yi, musamman mai araha, idan aka bar gishiri ko bilic ya kwana a kai. Sau da yawa ma tsatsar ba tasa ba ce, ɓurɓushin soson ƙarfe ne, ko gwangwanin tumatir da aka ajiye a jiƙe. Mai daɓen marmar ko tarazo kuma ya kiyaye, ko lemun tsami yana cin su, domin su ma dangin farar ƙasa ne.

Abu ɗaya da ya wuce zancen ado: kada a haɗa bilic da maganin masai mai asid, ko da khal. Ana yin haka a gidaje da niyyar ƙara ƙarfin wanki, abin da ke tashi kuwa iskar kulorin ce, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na farko. A ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar ƙofa tana iya sarƙe numfashi cikin ɗan lokaci, balle ga mai asma. In za a yi amfani da su duka biyu, a yi ɗaya, a ɗauraye sosai, a bar ɗayan sai wani lokaci.

Maganin da ke ɗorewa a wajen ruwan yake, kuma na ƙarfe bai kai tsadar da ake zato ba. Tunda iska ce ke fito da shi, sai a sa ya fito tun kafin ya shigo gida. Maimakon a tura ruwan burtsatse kai tsaye zuwa tankin sama, a fara zuba shi a tankin ƙasa ta bututu mai huji-huji yadda zai faɗo yana watsuwa, a bar shi ya kwana ya kwanta, ya bi ta matatar yashi da tsakuwa, sannan a ɗaga shi. Mafitar tanki ta ɗan ɗara gindi, a kuma yi wata a can ƙasa ta zubar da laka. 'Yar matatar zare da ake ɗaurawa a bakin tanki tana kama tsatsar da ta riga ta fito, amma narkakken ƙarfe wucewa yake ta cikinta, shi ya sa wasu ke cewa sun sa matata ba ta yi komai ba. Manganis yana buƙatar yashi na musamman ko kulorin kafin tacewa. Ruwa mai tsami ana bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa ya lafa. Mai farin ɓawo kuma na'urar da ake zuba wa gishiri ce maganinsa, ita kuwa yauƙin bakteriyar ƙarfe yana kashe ta. Wanda ya sayi na'ura don maƙwabcinsa ya saya na iya sayen maganin cutar da ba tasa ba, domin rijiyoyi biyu a layi ɗaya na iya bambanta idan zurfinsu ba ɗaya ba ne.

Don haka kafin a sayi komai a kai ruwan gwaji, a ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, a kuma faɗi abin da ake so a duba: pH, ƙarfe, manganis, kalsiyam, fuloraid, ƙwayoyin cuta, da jan ƙarfe da dalma idan an ga kore. Yadda aka ɗebi ruwan yana iya ɓata sakamakon. Kwalba biyu ake so, ɗaya daga bakin rijiyar bayan inji ya ɗan yi aiki, ɗaya daga famfon kicin da sassafe kafin kowa ya buɗe shi, domin bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da tanki da bututun gidan suka ƙara. A cika su har baki kada a bar wa iska wuri, a kai a ranar. Kwalbar da ta yi kwana uku a bayan mota, ƙarfenta ya riga ya kwanta ya manne a jikin roba, takardar da za a ba ka za ta ce ruwanka ba shi da komai.